Amsa: Shin JLPT na taimakawa wajen samun gurbi a jami'ar Japan?

Malam, ka tambaya ko takardar JLPT, wato jarrabawar auna ƙwarewa a harshen Japananci da kake shirin zanawa, za ta ba ka gurbin digirin farko a Japan. Tana taimakawa, amma kada ka dogara da ita kaɗai.

Matakanta biyar ne, daga N5, mafi sauƙi, zuwa N1, mafi wuya. Gaskiya N5 da N4 ba sa kai mutum ko'ina a harkar jami'a. Inda ake koyarwa da Japananci, N2 ko N1 suke nema. Kuma jarrabawar zaɓi-ka-cika ce zalla, babu magana, babu rubuta insha'i. Shi ya sa jami'o'i da yawa suka fi kallon EJU, wato jarrabawar shiga jami'a ga ɗaliban ƙasashen waje, wadda JASSO, hukumar kula da harkokin ɗalibai ta Japan, ke shiryawa a watan Yuni da Nuwamba. A nan ne za a gwada lissafinka da kimiyya, har a sa ka yi rubutu da hannunka.

In kwas ɗin da Turanci ake yi, sakamakon jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS za su tambaya.

Don Allah ka duba tallafin karatu na MEXT, wato ma'aikatar ilimi ta Japan, ta ofishin jakadancin Japan da ke Abuja. Wanda aka ɗauka a matakin digirin farko, sai an ba shi shekara guda yana koyon harshen a Tokiyo ko Osaka kafin ya shiga aji.