Ɗana, ba a gashin kajinka matsalar take ba, a ƙwan take

Na ji ƙorafinka. Ka ce zakara da kajin nan masu ruwan toka da ka sayo da tsada, irin Ameraucana masu saka shuɗin ƙwai, sun ba ka 'yan tsaki kala uku: baƙaƙe, masu ruwan toka, da farare masu ɗigo-ɗigon baƙi, har kana shirin komawa wurin wanda ya sayar maka a kan ya cuce ka. Sai can a ƙarshen magana ka ƙara da cewa 'ya'yan da zakaran ya samu da kajinka Shika Brown, masu saka ƙwai ruwan ƙasa, sun fara ƙwai, wasu kore, wasu ruwan ƙasa. To, abin da ya tayar maka da hankali ba laifin kowa ba ne. Wanda ka ambata a gurguje kuwa, shi ya kamata mu tsaya a kai.

Mu fara da gashi. Kowane ɗan tsako yana karɓar ƙwayar gado biyu a kan kowace siffa, ɗaya daga zakara, ɗaya daga kaza. Tokar nan da ta burge ka asalinta baƙi ne, akwai wata ƙwaya da take rage masa ƙarfi. Tsuntsun da bai samu ƙwayar ba ko ɗaya, baƙi ne wuluk. Wanda ya samu ɗaya shi ne mai ruwan toka. Wanda ya samu biyu sai launin ya koɗe ya koma fari da ɗigo-ɗigo. Zakaranka ɗaya gare shi, kajin ma haka, don haka kowannensu yana iya bayarwa, yana iya ƙin bayarwa. Idan ka haɗa toka da toka, a cikin huɗu ka sa ran baƙi ɗaya, toka biyu, mai ɗigo ɗaya. A kwanci guda lissafin ba lallai ya fito daidai ba, sai 'yan tsakin sun yi yawa yake daidaita. Tun farkon shekarun 1900 masana ilimin gado Bateson da Punnett suka bi diddigin wannan a Jami'ar Kambirij ta Ingila, a kan kajin Andalus, kuma har yau lissafin bai sauya ba.

Saboda haka kada ka kai baƙaƙen da masu ɗigon kasuwa a farashin kajin miya. Su ne jarinka. Ka haɗa baƙin zakara da kaza mai ɗigo, ko zakara mai ɗigo da baƙar kaza, duk abin da aka ƙyanƙyashe toka ne, ba ko ɗaya da zai kauce. Toka da baƙi kuwa rabi da rabi suke bayarwa, kuma ni na fi son wannan haɗin idan na ga tokar garke ta fara yin fari-fari. Akwai wata tokar daban, mai haske, da ake kira labanda, ita ce idan an haɗa biyu take haifar irinta zalla. A ido suna kama, amma gadonsu ba ɗaya ba ne, kuma 'yan tsakinka sun riga sun nuna cewa taka ba ita ba ce.

Yanzu ƙwai. Ka ɗauko koren nan guda ɗaya ka fasa, ka ɓare tantanin da ke manne da ɓawon ta ciki, ka duba: shuɗi za ka gani. Ka fasa na Shika Brown, cikinsa fari ne tas. Shuɗin kamar rinin marina yake, ya ratsa ɓawon gaba da baya, don tun ana gina ɓawon a cikin kaza yake shiga. Sinadarinsa biliverdin ne, shi ne dai mai ba maɗaciya korenta. Ruwan ƙasa kuma a sa'o'in ƙarshe kaza take shafa shi a waje, shi ya sa idan ka goge sabon ƙwai da jiƙaƙƙen tsumma wani lokaci kake ganin launin a jikin tsumman. Idan aka shafa ruwan ƙasa a kan shuɗin ɓawo, kore yake fitowa. 'Ya'yan nan sun gaji shuɗi daga uba, sun gaji shafen daga uwa.

Shuɗin ƙwai yana da rinjaye, ƙwaya ɗaya ta isa ta nuna kanta. Punnett ya bayyana haka tun 1933. A 2013 kuma masu bincike a Sin da Jami'ar Nottingham suka gano tushensa: wata tsohuwar ƙwayar cutar bairos ce ta maƙale a cikin gadon kajin, ta sa mahaifar da ke gina ɓawo take zuba wannan launi. Haka ya faru ga kajin mutanen Mapuche na ƙasar Chile, waɗanda irin Araucana da Ameraucana suka samo asali daga gare su, ya kuma faru daban ga kajin Dongxiang da Lushi a Sin. Ba ciwo ba ne, kuma cikin ƙwan daidai yake da kowane ƙwai. Kada in ji kana gaya wa masu saye wai magani ne.

To ga inda maganar take. Da zakaranka yana ɗauke da shuɗi biyu, da duk 'ya'yansa mata shuɗi ko kore za su saka, ko da wace kaza ya haife su. Tunda wasu ruwan ƙasa suke sakawa, ɗaya kawai gare shi. Shi ba ya ƙwai, ba yadda za ka gane a jikinsa, sai 'ya'yansa mata sun kai wata 5 zuwa 6 sun tona asirinsa. Idan kajin da ka sayo tare da shi su ma ɗaya-ɗaya gare su, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu mata ba za su yi shuɗi ba sam. Wannan ya kamata ka tambayi mai sayarwar, cikin mutunci, don mai yiwuwa shi ma bai taɓa gwadawa ba.

Zanko yana ɗan taimakawa. A wannan irin, gadon shuɗin ƙwai yana zaune dab da gadon ƙaramin zanko mai layi uku, galibi tare suke tafiya. Ɗiyar da ta fito da dogon zanko mai tsini irin na uwarta Shika Brown, da wuya ta ba ka kore. Alama ce dai, ƙwan shi ne shaida.

Wani abu da nake ji a bakin masu kiwo da yawa: wai idan zakaran shuɗi ya yi wa kaza barbara, ƙwanta zai juya. Ba ya juyawa. Launin ɓawo na kazar da ta saka shi ne, da wanda ta fara da shi za ta tsufa, sai dai ya ɗan koɗe idan ta daɗe tana sakawa. Aikin zakara a 'ya'ya yake fitowa.

Abin da nake so ka yi daga gobe: ka raba keji. Kaza tana riƙe maniyyin zakara a jikinta har mako biyu zuwa uku, don haka duk wadda ta yi yawo da wani zakara ka killace ta wata guda kafin ka fara tara ƙwanta na ƙyanƙyasa. Ka rubuta lambar keji da kwanan wata a jikin kowane ƙwai da fensir, ka sa wa 'yan tsaki zobe ko zare mai launi a ƙafa ranar da suka fito, ka shigar a littafi. Daga cikin samarin zakarun nan ka ware biyu ko uku mafiya ƙoshin lafiya, baƙi ko mai ɗigo duk ɗaya ne, ka gwada kowanne da Shika Brown a kejinsa. Wanda 'ya'yansa mata goma ko fiye suka saka kore gaba ɗaya, shi ne uban garkenka. Zai ci maka fiye da shekara, ga kuɗin abinci, amma in ba gwajin gado a ɗakin bincike ba, babu gajeriyar hanya.

Ka kuma ce kana sha'awar Araucana mai tuntun gashi a kunne. Ka dakata tukuna. Ƙwayar da ke fitar da wannan gashin tana kisa idan ta zo biyu: ka haɗa masu shi biyu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan tsakin a cikin ɓawo za su mutu, kwanaki kaɗan kafin su cika 21. Mai shi da marar shi ake haɗawa. Ka fara gyara wannan garken, idan littafinka ya cika shekara sai ka kawo mu duba tare.