Amfanin allurar ƙara fararen ƙwayoyin jini bayan maganin ciwon daji

Malama, kin tambayi dalilin da ya sa likita ya rubuta wa mahaifinki allurar filgirastim bayan an yi masa ƙarin ruwan maganin ciwon daji. Allah ya ba shi lafiya.

Maganin ciwon dajin yana kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa, har da na cikin ɓargo, inda ake samar da fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Yawansu yakan faɗi ƙwarai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan magani, kuma a lokacin ƙaramar cuta ma tana iya kwantar da mutum. Allurar tana zaburar da ɓargo ya gaggauta samar da sababbi, kuma ana yin ta ƙarƙashin fata bayan aƙalla awa 24 da gama maganin.

Likitoci sukan ba da ita idan haɗarin zazzaɓi sakamakon raguwar fararen ƙwayoyin jini ya kai kashi 20 cikin 100, ko kuma idan shekaru sun ja. Kada ciwon ƙashi a ƙugu da baya ya firgita ku, domin ruwan dare ne ga masu karɓar wannan allura. Amma ina roƙonki, idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, ku garzaya da shi asibiti ko da tsakar dare ne.