Jan sos na Sinawa mai zaƙi da tsami: awo, haɗi da lissafin riba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da soyayyar shinkafa da kaza daga gida a Kano, ana yi min oda ta WhatsApp, nakan fitar da kamar roba 30 a rana. Wasu kwastomomi suna yawan tambayar jan sos ɗin nan mai zaƙi da tsami na gidan abincin Sinawa. Na gwada sau biyu: na farko ya yi gudaji, na biyu ya yi kyau amma da gari ya waye ya tsinke kamar ruwa. Ina so in iya shi, in riƙa ɗurawa a kwalba ina sayarwa. Jarina ba yawa. Mene ne shawara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a sana'a. Tun daga farko zan faɗa miki inda na dosa: ki koyi sos ɗin, ki sayar da shi tare da kazarki, amma maganar kwalba ki jingine ta tukuna. Dalilin yana cikin abin da ya same ki a gwaji na biyu.

Asalin wannan girki daga kudancin ƙasar Sin yake, lardin Guangdong da Hong Kong. Mutanen yankin ne suka kai shi Amurka tun ƙarni na 19, daga baya kuma Ingila, inda shagunan saya-ka-tafi suka yaɗa jan nan mai sheƙi da aka sani yanzu. A can gida an fi cin sa da naman alade, kuma girkin Sinawa da dama ana sa musu giyar shinkafa ta Shaoxing. Sos ɗin kansa bai buƙatar ko ɗaya daga ciki, kaza ta wadatar. Abin lura kawai, duk kwalbar da za ki saya ki karanta jerin kayan da ke jikinta.

Ga awon da zai ba ki kusan lita ɗaya. Ki nemi kofin awo mai cin mililita 250, ki daina aunawa da ido, don kwastoman da ya ji daɗi ranar Litinin irin wannan ɗanɗanon yake so ranar Juma'a. Ruwan abarba kofi 2. Sukari kofi 1 da kwata, wato kimanin giram 265. Farin khal (vinegar) mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, kashi biyu bisa uku na kofi. Kecaf cokalin cin abinci 6. Soya sos mara duhu cokali 4. Tafarnuwa ƙwaya 3 da citta ɗanya kamar kan babban yatsa, a daddaka. Sai kwanfulawa cokali 4, amma ita ajiye ta gefe.

Kwanfulawa sitacin masara ce zalla, fara ƙal, idan kika murza ta tsakanin yatsu za ki ji tana ƙara. Garin masara na tuwo ba zai yi ba, fulawa kuma dusashe sos ɗin take yi ya rasa sheƙi, kastad kuwa ƙamshin banila zai shigo miki da shi. Soya sos mai duhu shi ma ki kauce masa, yana mai da jan ya koma ruwan ƙasa.

Ki zuba komai a tukunya ban da kwanfulawa, wuta matsakaiciya, kina juyawa har sukarin ya narke. Idan ya tafaso ki rage wuta ki ba shi minti 3, sannan ki tace. Tukunyar ta zama ta silba ce mara tsatsa ko mai rufin tangaran. Khal da abarba suna cin tukunyar dalma, sos ɗin ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. Kada ki wuce mintunan nan, tsamin khal yana bin tururi ya gudu, sai a bar ki da zaƙi kawai. Wannan ruwan da kika tace shi ne uwar sos. Idan ya huce ki zuba a mazubi mai murfi ki sa a firij, zai kai mako guda lafiya lau in dai sanyin bai yanke ba.

Yanzu ga inda kika samu matsala. Gudaji yana zuwa ne idan aka barbaɗa kwanfulawa a busasshenta cikin ruwa mai zafi: fatar kowane ɗan dunƙule ta dahu nan take ta kulle garin da ke ciki. Maganinsa, a dama ta da ruwan sanyi tukuna. Ga kowane kofi ɗaya na uwar sos, cokali 1 na kwanfulawa a shafe, da ruwan sanyi cokali 2. Ki sake motsa damun dab da zubawa domin tana kwanciya a ƙasa. Ki tsiyaya a hankali cikin sos mai tafasa kina juyawa. Da farko za ki ga ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, cikin daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya sai ya washe ya yi sheƙi. Da ya washe ki sauke. Ki tsoma cokali ki ja yatsa a bayansa: idan layin ya tsaya bai haɗe ba, kaurin ya yi.

Tsinkewa kuwa hanyarta uku. Ko an bar shi a wuta bayan ya yi kauri, tsami da zafi suka karya sitacin. Ko an ɗanɗana da cokali aka mayar da shi tukunya, domin yawu yana ɗauke da sinadarin da ke narkar da sitaci, ɗan kaɗan ya isa ya tsinka kwano guda kafin safiya. Ko kuma kwanan da ya yi a firij ne: sitacin masara idan ya yi sanyi ya jima sai ya dunƙule ya saki ruwansa, in kuma ya daskare ya narke abin ya fi muni. Sos ɗin kanti da kike gani yana watanni a kan kanta ba da wannan kwanfulawar ake yin sa ba, da sitacin da aka sarrafa musamman don ya jure tsami da sanyi ake yi. Ki yi tunanin kwalba 20 a shagon wani, ruwa a sama, dunƙule a ƙasa, da sunanki a jiki.

Ban da haka, abincin da aka ɗura aka manna masa suna don sayarwa a kanti a Najeriya yana buƙatar lambar NAFDAC, kuma kafin nan sai kin yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, kina da wurin aiki da za a zo a duba. Sai an auna tsaminsa da na'ura an tabbatar yana ƙasa da 4.6 a ma'aunin pH (ma'aunin tsami, wanda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai ƙarfi), sai kwalabe masu jure zafi da murfin da khal ba zai ci ba. Duk kuɗi ne da za su kwanta watanni kafin su dawo, ga ki da ƙaramin jari da ke juyawa kullum.

To bari mu yi lissafin sayar da shi da kaza. Lambobin nan misali ne, ki sa farashin da kika samu a kasuwa yau. A ce kayan lita ɗaya da gas sun ci naira 4,400. Ƙaramar roba mai murfi tana cin mililita 40. A takarda lita za ta ba da 25, amma ki lissafa 22, saboda abin da ke maƙalewa a tukunya da na ɗanɗano. Kowace ta tashi a 200, ki ƙara kuɗin robar, a ce 50, ta zama 250. Idan kika sa ta 500 kuma mutum 10 cikin 30 suka karɓa, ribarki 2,500 a rana. Amma idan kin kaurara litar gaba ɗaya da safe, roba 12 suka kwana suka tsinke, kin zubar da 2,400, ribar ta koma naira 100. Shi ya sa na raba miki aikin gida biyu. Uwar sos sau ɗaya ko biyu a mako, kaurarawa kuma kullum gwargwadon odar da ta shigo. Kofi ɗaya yana ba da roba 6, aikin minti 3 ne.

Makon farko ki yi rabin awo. Ki saka roba ɗaya kyauta ga kwastomomi 10 da suka fi yi miki ciniki, ki tambaye su ko zaƙin ya yi yawa. Bakin mutanenmu ya saba da yaji, da wuya a rasa mai cewa a ƙara. Attaruhu ɗaya da aka tsaga aka jefa cikin uwar sos aka cire wajen tacewa yana ba da zafi ba tare da ya ɓata launi ba. Bayan nan ki fitar da shi a matsayin plate na daban mai farashinsa, kaza mai jan sos da koren tattasai da albasa da yankan abarba. A nan ribar ta fi tsoka, domin mutum ya fi sakin kuɗi a kan sabon abinci fiye da ɗan ƙarin roba.

Wajen sayayya, sukari da khal ba sa lalacewa da wuri, ki saye su da ɗan yawa a Kasuwar Singa. Abarba ki duba 'Yan Lemo, wadda ta nuna sosai har masu ita ke neman rabuwa da ita ta fi ruwa da zaƙi, kuma ta fi araha. Ɓangare ɗaya ki kiyaye: ɗanyen ruwan abarba yana narkar da nama, idan kika jiƙa kaza a ciki za ta yi laɓo-laɓo. Tafasa yana kashe wannan ƙarfin, don haka a cikin sos ba matsala. Ranar da abarba ta yi tsada, ruwan lemon zaƙi kofi 1 da ruwa kofi 1 za su tsaya a madadinta. Tsamiya tana iya maye gurbin rabin khal, ɗanɗanon ma yana daɗi, sai dai launin zai yi duhu, ki sanar da mai saye.

Kazar kuma ki yanka ƙanana, ki juya ta cikin ƙwai da gishiri, ki birkiɗa a kwanfulawa, ki soya sau biyu: na farko minti 4 a mai matsakaicin zafi har ta dahu, na biyu minti 1 a mai mai zafi sosai don ta yi ƙaras-ƙaras. Idan ɗan acaɓa ko mai adaidaita ne zai kai, kada ki zuba sos a kanta, kafin ya isa Hotoro daga Kabuga ɓawon ya jiƙe. Sos a robarsa, kaza a tata, ki huda murfin kazar wuri biyu tururi ya fita. Sos ɗin da aka kaurara kuma kada ya wuce awa 2 a waje, a zafin Afrilu awa 1. Idan oda tana shigowa jefi-jefi, ki zuba shi da zafinsa a filas ɗin shayi mai faɗin baki da kika ɗauraye da tafasasshen ruwa, ki riƙa ɗiba daga nan.