Wai hoto kaɗai na iya buɗe wa ɓarawo waya?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ni mai gyaran waya ne a Sabon Gari nan Maradi, mutane na yawan tambayata wai gaskiya ne ana iya turo maka hoto ko a kira ka ta WhatsApp a shiga wayarka ko ba ka taɓa komi ba? Ni dai ina ce masu jita-jita ce amma hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah daina ce masu haka, abin ya faru. Duk saƙon da ya shigo waya, hoto ne ko bidiyo ko kira, yana ɗauke da ɗan bayani a kansa mai cewa ni iri kaza ne girmana kaza, kuma manhaja ce ke karanta shi tun kafin idonka ya gani, to in wanda ya rubuta ta ya yarda da bayanin bai sa an auna ba, shi ke nan an samu ƙofa. Kamar a ce maka gero tiya guda ne ka tara ƙwarya, sai a juye maka buhu ya malale cikin kayan da ke gefe. A waya abin da ya malale ɗin umarnin ɓarawo ne, kuma wayar za ta iya bin sa.

A 2015 an gano irin wannan a Android, aka sa masa suna Stagefright, bidiyo ta MMS (saƙon hoto ko bidiyo da ake turawa ta layin waya) ya isa. A 2019 kiran WhatsApp ne, ko ba ka ɗauka ba, kamfanin da kansa ya ce an kai wa mutum kusan 1400 hari da Pegasus, manhajar leƙen asiri ta kamfanin NSO a Isra'ila. A 2021 kuma iPhone, fayil ɗin takarda (PDF) aka yi wa shigar hoto mai motsi (GIF) aka turo.

Irin wannan hari tsada gare shi, an fi auna ƴan jarida da ƴan siyasa da shi. Ni abin da ya fi damuna shi ne ramin da aka riga aka toshe amma mutanenmu ba su yi mizajur (sabunta manhajar waya) ba wai don kar mega ta ƙare, ga tsofaffin wayoyi da kamfani ya daina aiko masu gyara, ga masu sa WhatsApp GB da ba a san wa ya taɓa cikinsa ba. Duk wayar da ta zo hannunka ka yi mata mizajur kafin ka miƙa, ka kashe saukar da MMS da kanta, wadda ta tsufa kuma ka gaya wa mai ita kar ya riƙa ajiye harkar kuɗinsa ciki.