Shin duk fashin da aka yi a kan ruwa fashin teku ne?

Wani mai karatu ya tambaya: me ya bambanta "fashin teku" da "fashi da makami", tunda duka ƙwace ne?

A Hausa, ɓarawo yakan ɗauka ne a ɓoye, shi kuwa ɗan fashi tare hanya yake yi da makami, ya karɓe ido na ganin ido. Tun zamanin ayarin fatake kalmar take, kuma malaman fiƙihu suna kiran wannan laifi hiraba. Kada a haɗa ta da fashin da ke cikin "kullum ba fashi", wannan tsallake rana ne. To a bakin Bahaushe, duk wanda ya tare jirgin ruwa ɗan fashin teku ne.

Amma doka ta fi harshe tsauri. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, a sashe na 101, ta gaji ma'anar da aka tsara a birnin Janeba na Switzerland a 1958: sai an kai harin daga wani jirgi zuwa wani, don biyan buƙatar kai, kuma a tekun da ba ya ƙarƙashin ikon kowace ƙasa. In cikin mil 12 na ma'aunin teku daga gaɓar wata ƙasa abin ya faru, fashi da makami ne, shari'arsa ta wannan ƙasar ce. Bambancin yana da nauyi, domin ɗan fashin teku kowace ƙasa tana da ikon kama shi ta hukunta. Tun zamanin Rumawa, masaninsu Sisero ya kira shi abokin gaban kowa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne kalmarmu "ɓarawon zaune", wato mai karɓar kayan sata yana gida. Ƙarnuka da dama sarakunan Turai suna ba masu jirage takardar izinin ƙwace jiragen abokan gaba, a raba ganima. Francis Drake, wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ɗan Ingila, ya wawushe dukiyar Sifaniya, Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Ɗaya ta karɓi kasonta tana gida kamar ɓarawon zaune, ta kuma ba shi sarautar "Sir" a 1581. Ingila ta ce gwarzo, Sifaniya ta ce ɗan fashi, kuma a ganina Sifaniyawa ba su yi ƙarya ba. Sai a 1856, a sanarwar Faris, manyan ƙasashen Turai suka soke wannan takarda.