Albashi ya ƙaru amma hankali bai kwanta ba: in ajiye aikin ne?

Tambaya: Shekaruna 41. Cikin shekara biyar an ƙara mini girma sau biyu, albashina ya kusa ninkawa, amma ina aikin awa 60 zuwa 65 a mako. Yara na barci nake fita, suna barci nake dawowa. Kowa na cewa na samu rufin asiri, ni kuwa ba na jin daɗin komai. In ajiye aikin ne, ko yaya zan yi?

Amsa: Malam, kada ka ajiye aikin tukuna. Alamu sun nuna matsalarka ita ce ba ka taɓa yanke wa kanka adadin da za ka ce "ya isa" ba, shi ya sa duk ƙarin da aka yi maka yake zama sabon mafari.

Mu fara da kuɗin, don masu cewa kuɗi ba komai ba ne galibi suna da su. A 2010 Daniel Kahneman da Angus Deaton sun gano cewa a Amurka walwalar yau da kullum tana ƙaruwa da ƙaruwar samu har zuwa kusan dala 75,000 a shekara, daga nan ta tsaya. A 2021 Matthew Killingsworth ya samu akasin haka. Da Kahneman da Killingsworth suka haɗu suka sake duba alƙaluman a 2023, sai ya bayyana cewa ga yawancin mutane walwalar tana ci gaba da hawa, amma ga waɗanda suka fi kowa zama cikin ƙunci tana tsayawa a wani mataki. Wato kuɗi na maganin damuwar da rashinsu ya jawo, kamar bashi da kuɗin asibiti. Wadda ta fito daga gajiya, kaɗaici ko rigimar gida kuwa, ƙarin albashi ba ya taɓa ta. Taka ta fi kama da ta biyun.

Sai ka fitar da adadinka. Ɗauko bayanan asusunka na wata shida, ka fitar da matsakaicin abin da gidanka ke ci a wata. Abubuwan da ake biya sau ɗaya ko biyu a shekara, irin su haya da kuɗin makaranta, ka haɗa su ka raba gida 12 ka ɗora. Ka ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na ajiya. Wannan shi ne "ya isa" ɗinka. A gefe guda ka tara abin da zai riƙe gidan wata uku zuwa shida ko ba albashi. Abin da ya haura adadin "ya isa" a albashinka shi ne ƙarfinka na cewa a'a a wurin aiki. Idan ka duba ka ga babu rarar komai duk da albashin ya kusa ninkawa, to hidima ce ta bi albashin da gudu: mota ta canza, gida ya canza, masu jiran hannunka sun ƙaru. Daga yanzu duk ƙarin da ya shigo, rabinsa ya wuce ajiya tun ranar biya.

Lissafi na biyu ya fi ciwo. Mako awa 168 ne. Cire 49 na barcin awa bakwai kullum, cire 62 na aiki, cire kamar 10 na hanya, saura 47. A cikinsu ne za ka ci abinci, ka yi ibada, ka ga iyali, ka motsa jiki. Ka rubuta inda kowace awa ta tafi har mako biyu, kada ka gyara komai, rubutu kawai. Wayar hannu ce ta fi ba mutane mamaki a nan.

Awannin aikinka sun shiga wurin haɗari. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2021 ya danganta aikin awa 55 zuwa sama a mako da ƙarin kashi 35 cikin 100 na haɗarin shanyewar ɓarin jiki, idan aka kwatanta da awa 35 zuwa 40. Kada garin neman gira a rasa ido. Burin farko shi ne ka sauko ƙasa da 55 cikin wata uku. Ka je wa shugabanka da takamaiman bayani: ga ayyuka biyu da za a iya miƙa wa wani, ga ranaku biyu da zan riƙa tashi a kan lokaci. In ka ce masa "na gaji" kawai, haƙuri zai ba ka.

Awannin da ka ƙwato ka ba su suna tun kafin su zo, in ba haka ba waya za ta cinye su. Minti 150 na tafiya da sauri a mako, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da hukumar lafiyar ta ba da shawara. Dare biyu da yara kafin su kwanta. Aboki ko ɗan'uwa ɗaya da za ka je ka gani, don zumunci a ƙafa yake. Binciken Jami'ar Harvard da aka fara a 1938, wanda ya bi rayuwar maza 724 shekaru masu yawa, ya nuna kyawun dangantaka da mutane na cikin manyan abubuwan da ke hasashen lafiya da natsuwa a tsufa.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne yanke shawara kai kaɗai. Ka zauna da uwargida kafin ka rage wata hidima, tunda gidan ba naka kaɗai ba ne. Haka kuma wanda ya ajiye aiki cikin fushi ba tare da ajiya ba, yakan koma wani da ya fi na farkon muni.

Akwai abu ɗaya a tambayarka da ya tsaya mini: "ba na jin daɗin komai". Idan hakan ya kai mako biyu a jere, tare da rashin barci, sauyin cin abinci ko jin ba ka da amfani, ka ga likita kafin ka taɓa maganar aiki, domin yana iya zama ciwon damuwa, kuma ana maganinsa.