Huhun jariri a cikin ruwa: shaida ce ko zato?

Tambaya: Na ji an ce a dā likitocin Turai kan jefa huhun jariri cikin ruwa domin su gane ko uwarsa ce ta kashe shi. Shin da gaske ne, kuma abin dogaro ne?

Amsa: Da gaske ne, Malama, sai dai gwajin bai taɓa nuna wanda ya yi kisa ba, iyakarsa ya nuna ko jaririn ya shaƙi iska. Huhun da ya yi numfashi yakan taso saman ruwa, wanda bai yi ba kuwa yakan nutse. Wani likitan garin Zeitz na Jamus mai suna Johannes Schreyer ya kai wannan gwaji gaban shari'a a 1681, kan wata budurwa da aka zarga da kashe abin da ta haifa a ɓoye. Huhun ya nutse, likitan ya shaida cewa jaririn bai zo da rai ba.

Tsananin dokokin zamanin ne ya sa ake matuƙar buƙatar irin wannan shaida. A ƙasashen Jamus, dokar Sarki Charles na Biyar ta 1532 ta tanadi kisa ga macen da ta kashe jaririnta, galibi ta nutsarwa a ruwa, kuma ungozomomi ne ke duba jikin wadda ake zargi, har su matsa nononta su ga ko da ruwa. A Ingila, dokar 1624 ta ɗauki macen da ta yi cikin shege ta kuma ɓoye mutuwar jaririn a matsayin mai kisan kai, sai in ta kawo ko da mutum guda da zai shaida a mace aka haife shi. To, wadda kunya ta sa ta haihu ita kaɗai cikin dare, ina za ta samo mai shaida? Ba a soke wannan doka ba sai 1803.

Batun dogaro kuwa, a nan gizo ke saƙa. Gawar da ta fara ruɓewa takan tara iska, huhun ya taso alhali jaririn bai taɓa numfashi ba. Haka ma idan an hura masa iska a baki domin ceto shi. Tun 1783 likita William Hunter na Landan ya yi kashedin cewa jariri na iya numfashi ya mutu nan take ba tare da kowa ya taɓa shi ba. A ganina, kotun da ta ɗaure mace bisa wannan gwaji kaɗai zato ta bi, kuma abin takaici, har yau akan gabatar da shi a wasu kotunan Amurka.